Girkin Cokali Ɗaya Da Girkin Kwano Guda

Makonni kaɗan da suka wuce na je kallon wata gasar girki da mutanen unguwa suka shirya wa junansu, irin wadda ake jera tebura a fili, kowa ya ɗauko tukunyarsa daga gida. Alƙalai uku ne. Kowanne da cokali da takarda a hannu, suna bi tebur-tebur: a ɗebi cokali ɗaya, a tauna, a kurɓi ruwa, a rubuta maki, a wuce.

Can ƙarshen layi akwai wata dattijuwa da ta kawo dahuwar nama da kayan lambu a cikin tukunyar da ta dafa, ko juyewa ba ta yi ba. Ko ta uku ba ta zo ba. Abin da ya ci gasar wani haɗi ne mai hawa-hawa, launi uku, an yanka kayan lambu an jera a gefe kamar furanni. Ya yi kyau, babu musu.

Da alƙalai suka gama aka ce jama'a bismillah. Kafin a jima har ana kankarar gindin tukunyar dattijuwar nan, yara na komawa neman ƙari. Farantin da ya ci gasa kuwa hoto aka yi ta ɗaukarsa, aka ɗan taɓa, aka bar fiye da rabi.

Na matsa kusa da ita na gaishe ta, na ce, "Inna, ba ki ji haushi ba?"

Ta ce, "Haushin me, 'yar nan? Cokali ɗaya fa suka ci. Ni ban taɓa dafa wa mutum cokali ɗaya ba."

Ita ba ta ji haushi ba, amma ni na ji, kuma har yau bai sake ni ba. Ra'ayina shi ne, yadda ake gudanar da mafi yawan gasar girkin gida, kyautar tana tafiya ne ga abincin da ba a cinsa a gida. Ina son gasar, ina son ta ɗore, shi ya sa nake ganin dole a sake yadda ake yanke hukunci a cikinta, ta yadda girkin yau da gobe zai iya yin nasara.

Abin da cokali ɗaya ke yi wa girki

Duk wanda ya taɓa ɗanɗana abinci kala goma a jere ya san harshe na gajiya. Na farko da na biyu za ka ji komai dalla-dalla. Kafin ka kai na goma sha biyar, babu abin da ke ratsa harshenka sai wanda gishirinsa ya fito, ko sukarinsa ya yi yawa, ko mai ya ji, ko yaji ya buga. Abincin da aka daidaita shi don a ci kwano guda a ƙoshi, a irin wannan layi lami zai yi a baki.

Masu shiga gasa kuwa suna da wayo, suna lura da abin da ya ci bara. Sai bana kowa ya ƙara gishiri kaɗan, ya ƙara mai, ya ƙara zaƙi. Baɗi a sake ƙarawa. A haka, cikin 'yan shekaru, sai a wayi gari akwai wani nau'in girki da ba shi da wurin zama sai teburin alƙali.

Wannan ya faru a fili a jihar Texas ta Amurka. A shekarar 1967 aka fara wata gasa a Terlingua, wani ƙauyen haƙar ma'adinai da mutane suka watse suka bari. Gasar ta dahuwar nama da jan barkono ce, abincin da mutanen yankin ke alfahari da shi. Mutum biyu ne suka kara a karon farko, Wick Fowler da H. Allen Smith, kuma aka tashi canjaras. Daga nan abin ya bunƙasa, aka kafa ƙungiyoyi, aka rubuta dokoki. Cikin dokokin har da hana sa wake ko shinkafa ko taliya a tukunyar gasa, alhali ɗimbin gidaje a Amurka da wake suke dafa nasu, don ya auku ya ishi iyali. Su kansu masu shiga irin wannan gasa ba sa ɓoye cewa dahuwar gasa daban, ta gida daban. Ta gasa ana zuba mata kayan yaji kashi-kashi, a lokuta da aka ƙayyade, don loma ɗayar da alƙali zai kai baki ta tsaya masa a rai.

Mai girkin gida kuwa lissafinta wani ne dabam. Tana tuna yaron da ba ya son yaji, da tsohon da likita ya hana cin gishiri da yawa, da wanda zai dawo da daddare ya tarar da abincin ya huce. Tana tuna ko zai ɗumamu gobe da safe bai canza ba. Tana tuna abin da ke cikin aljihu. Duk wannan gwaninta ce, kuma ita ce ainihin gwanintar girkin gida, amma babu gurbinta ko ɗaya a takardar makin da na ga alƙalan nan na riƙe da ita.

Jerin zakaru na shekara da shekaru

Idan ana son ganin inda gasa ke karkata a tsawon lokaci, babu misalin da ya kai gasar da kamfanin fulawa na Pillsbury ya fara a Amurka a 1949, domin an adana sunayen masu nasara da abin da suka dafa.

An yi ta farko a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York. Mutum 100 suka kai zagayen ƙarshe, Eleanor Roosevelt, matar tsohon shugaban ƙasar, tana cikin manyan baƙi. Theodora Smafield ce ta ci dala 50,000 da wani ɗan burodi murɗaɗɗe mai zaƙi. Dabararta ta gida ce zalla: a naɗe kwaɓin a tsumma mai tsabta, a tsoma shi a ruwan ɗumi har ya tashi. Sharaɗin shiga gasar a lokacin shi ne a yi amfani da fulawar kamfanin, sauran kuwa hannun mai girki ne.

A 1954 Dorothy Koteen ta yi nasara da wani gasasshen abin zaƙi mai riɗi, har riɗi ya yi wuyar samu a kantuna saboda masu son gwadawa. Ka ga ƙarfin gasa ke nan a kan tukunyar mutane. Abin da aka ba kyauta yau, shi dubban gidaje za su kwaikwaya gobe.

Bayan shekara 20 da farawa labari ya canza. A 1969 Edna Holmgren ta ci babbar kyauta da kwaɓin gwangwani da ake saya a shirye daga firij, ta naɗe alewa mai laushi a ciki ta gasa. A 1996, shekarar da kyautar ta kai dala miliyan 1, Kurt Wait ya zama namiji na farko da ya ci gasar, da kek ɗin cakulan wanda tushensa garin kek ne na kwali. Ban raina ƙoƙarinsu ba, domin sun bi dokar da aka gindaya musu kuma sun ƙware a kanta. Sai dai wanda ya karanta jerin nan daga sama zuwa ƙasa, abin da zai fi gani shi ne kayan da kamfanin ke son sayarwa a kowane zamani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda ba su ci ba. A 1957 Freda Smith ta kawo wani biskit na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ɗan ƙullun cakulan a tsakiya, mai suna Peanut Blossoms. Bai ci babbar kyauta ba, amma har gobe ana gasa shi a gidajen Amurka, musamman lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. A 1966 Ella Helfrich, wata mata daga Houston, ta zo ta biyu da kek ɗin da ake kira Tunnel of Fudge, wanda idan an yanka ake tarar da cakulan mai danƙo a cikinsa. Wasiƙu sama da 200,000 kamfanin ya samu daga masu tambayar inda za su sayi kwanon gashin mai rami a tsakiya da ta yi amfani da shi. Kwanon, ƙirar kamfanin Nordic Ware, kafin nan ba ya wani ciniki, daga nan ya shiga gidaje ba adadi. Burodin da ya zo na ɗaya a wannan shekarar kuwa, ba kowa ke tuna shi ba.

Akwai kuma ƙarashen labarin kek ɗin Ella. Danƙon da ke cikinsa ya dogara ne da wani garin haɗi na kwali da kamfanin ke sayarwa. Da aka daina yin garin, sai masu gasa kek ɗin suka rasa yadda za su yi, har sai da kamfanin ya sake fitar da wani tsarin haɗin da kayan da ake samu a ko'ina. Girkin da aka ɗaure shi da kwalin wani kamfani, ransa na hannun kamfanin.

"Ai ido ne ke fara ci"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. Abincin da aka zuba shi a hargitse, da ƙazanta, ba ya shiga rai. Tsabta da kyan zubi suna da makinsu, ban ce a cire ba.

Amma a duba yawan makin. A takardar da na gani, kyan gani da "sabon salo" sun kusa kai rabin maki gaba ɗaya. Ma'ana, wadda ta fi kowa iya dahuwa tana iya faɗuwa saboda ba ta da farantin tangaran mai tsada, ko ba ta da awa biyu na zaman yanka karas. Yin ado yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma waɗanda suka fi yin girki kullum su ne suka fi rashin waɗannan biyun. Tun zuwan wayoyi masu kyamara abin ya ƙaru, domin masu shirya taro suna son hoton da zai yawata a Facebook da Instagram, tukunyar miya kuwa komai daɗinta ba ta cika kyau a hoto ba.

"To wa zai biya kuɗin taron?"

Nan ne gizo ke saƙar. Rumfa da kujeru da kyaututtuka duk kuɗi ne, kuma sau da yawa kamfanin kayan ɗanɗano ko na mai ko na fulawa ne ke ɗaukar nauyi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kamfani ya biya, zai ce a sa kayansa a kowace tukunya, kuma ba laifi ya yi ba, kasuwa ta kawo shi.

Ban ce a kori masu tallafi ba. A ba su rumfarsu, a rataya allonsu, a ware musu rukuni ɗaya da sunansu inda kowa zai nuna abin da ya iya yi da kayansu. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa musu gasar ɗungurungum. Babbar kyauta ta zauna a rukunin da babu wanda aka tilasta wa sa komai. Idan mai tallafi ya ce bai yarda ba, gara a yi ƙaramin taro da kyautar tukunya da zani, da a yi babba wanda kowace miya ɗanɗanonta ɗaya.

Gasar unguwa ma ba ta buƙatar dala miliyan. Mafi yawan masu zuwa, abin da ya kawo su shi ne a ce a gaban maƙwabta wance ta iya.

"Daɗin baki ai kowa da nasa"

Haka ne, kuma wannan hujja a wurina take aiki. Tun da kowa da nasa, me ya sa za a bar hukunci a harshen mutum uku kacal, waɗanda galibi an zaɓo su ne don suna da suna a gari ko suna dafa abinci a otal? Mai dafa abincin otal gwani ne a fagensa, amma ma'auninsa na otal ne.

A raba makin biyu. Rabi na alƙalai, rabi na jama'ar da suka ci. A ba kowane mai ci ƙwayar wake ɗaya ko 'yar takarda ya jefa a gwangwanin tukunyar da ta fi masa. A rufe sunaye, a sa lambobi, yadda ba wanda zai zaɓi matar wane don tana matar wane. Su kuma alƙalan a rage musu yawan tukwane, kowa ya zauna ya ci abin da za a kira ci, ko da ƙaramin kwano ne, da abin da aka saba haɗa abincin da shi a gida. Idan masu shiga sun yi yawa a kasa su zagaye-zagaye. Zai ɗauki lokaci, na sani. Girkin ma lokaci ya ɗauka.

Za a ce jama'a ma suna da son kai, mai dangi da yawa zai kwashe ƙuri'a. Rufe suna yana rage wannan sosai, rabin makin da ke hannun alƙalai kuma yana tare saura.

Inda aka gwada wata hanyar

A ƙauyen Carrbridge da ke tsaunukan Scotland, tun 1994 ake gasar dama kunun hatsin ots mai kauri, abincin safen mutanen yankin. Dokar babban rukunin gajeriya ce: hatsi, ruwa, gishiri. Ba madara, ba sukari, ba ado. Kyautar kuma siffar 'yar muciyar da suke damawa da ita ce, mai ruwan zinariya. Mutane na tasowa daga ƙasashe daban-daban don wannan.

Da kayan haɗi uku babu inda mutum zai ɓuya. Abin da ya rage shi ne hannu: irin niƙan da ka zaɓa, yawan ruwa, ƙarfin wuta, lokacin sa gishiri, yadda kake juyawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan shi ne gwaji na gaskiya. Masu son ƙirƙira ba a hana su ba, an ware musu rukuninsu inda za su sa duk abin da suka ga dama. Amma sunan zakara na mai hatsi da ruwa da gishiri ne.

Wannan ya amsa masu cewa idan ba sabon abu gasa za ta gundura. Fiye da shekara 30 ke nan ana dama kunu iri ɗaya a Carrbridge, kuma ba a daina zuwa ba. Ni ma ina son sabon abu, duk girkin da muke kira na gargajiya yau wata rana wani ne ya fara gwada shi. Kawai dai a bar lokaci ya tace, kamar yadda ya tace biskit ɗin Freda Smith ba tare da taimakon alƙalai ba.

A arewacin Ingila kuma, a wani tsohon gida mai suna Dalemain, Jane Hasell-McCosh ta fara gasar jam ɗin lemu, wato lemun da aka dafa da sukari don shafa wa burodi, a 2005. Da 'yan kwalabe aka fara, yanzu dubbai ake aikowa daga sassan duniya. Kuɗin shigar masu girkin gida yana tafiya ne ga masu kula da marasa lafiyar da jinyarsu ta yi nisa, wanda ya ci kuma ana yin irin nasa a sayar a kantin Fortnum & Mason na Landan. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu ƙarami ne: mai shiga yana samun takardar makinsa da bayanin alƙali a kan abin da ya yi daidai da inda ya gaza. Wanda bai ci ba ma ya koma gida da abin amfani. A gasar da na halarta, mutum ashirin da wani abu suka tattara tukwanensu ba wanda ya ce musu ko kanzil.

"Wasa ne fa, me ya yi zafi?"

Wata ƙawata ce ta faɗa mini haka, kuma na fahimce ta. Ranar nishaɗi ce, an haɗu, an gaisa, yara sun yi wasa.

Sai dai 'yan mata da samari suna tsaye suna kallo. Yarinyar da ta ga an tafa wa faranti mai furanni, an wuce tukunyar kakarta ba ko waiwaye, ta koyi wani abu a ranar game da wane girki ne abin alfahari, wane ne abin ɓoyewa. Aikin da ake yi sau uku a rana, shekara da shekaru, ba albashi, ba hutu, sau ɗaya tak a shekara ake fito da shi fili a yaba. Idan a wannan rana ɗayar ma aka ce bai kai ba, sai an yi masa kwalliyar otal, to an ci amanar waɗanda aka ce don su aka shirya taron.

Akwai kuma asarar da ba a lura da ita. Na tambayi ɗaya daga cikin masu shirya gasar me ya ci shekara biyar da suka wuce. Ya tuna sunan matar, bai tuna abin da ta dafa ba, balle yadda ta dafa shi. Babu littafi, babu rubutu. Muna iya ba da labarin abin da aka gasa a New York a 1949 har da yadda aka tsoma kwaɓin a ruwa, saboda wani ya zauna ya rubuta. Kowace gasar unguwa tana iya yin haka da littafi ɗaya: sunan abinci, kayan haɗi, yadda ake yi, wa ya koya wa mai girkin, ga wanda ya yarda a rubuta nasa. Na kowa da kowa za a rubuta, har wanda ya zo na ƙarshe, tun da mun ga sau da yawa na biyu da na goma ne ke daɗewa a tukwanen mutane.

Rubuta girkin tsofaffi yana da wuya, domin ba sa awo. Za ta ce maka "ɗan kaɗan", ko "har sai ya yi". Dole mutum ya tsaya a gefenta, ya tare hannunta kafin ta zuba, ya juye a cokalin awo, ya duba agogo lokacin da ta ce ya yi.

Na roƙi dattijuwar nan ta bar ni in yi haka, ta yarda. Ta ce in zo ranar Asabar da littafina, amma in yi sammako, don albasar kaɗai tana cin kusan rabin awa a kan wuta marar ƙarfi kafin nama ya shiga tukunya.